Kwikwiyo a Rigar Mai Gadi

Ranar tun safe ake yayyafi. Wani tsohon tela, sallamarsa daga asibiti ke nan, yana zaune a rumfar tasha yana jiran ɗansa. A gefensa wani ƙato mai kayan gadi ya naɗe kwikwiyo cikin rigar sanyinsa, yana ɗiga masa ruwa a baki da sirinji. Da gani ba mai hali ba ne.

"Kwana shida yana amai da gudawar jini, Baba. Sai yau ya lashi abinci!"

"Allah ya ƙara sauƙi," in ji tsoho a ciki-ciki. Shi kwanansa tara a kwance, ba wanda ya miƙa masa kofi.

Kwikwiyo ya tafi gida a ƙirjin mai shi. Tsoho yana nan kan benci, yana duba waya.