Jitar Babana da Tsirkiyar Ƙarfe

Jita ɗaya na zo da ita Kuala Lumpur, ta mahaifina. Malamin makaranta ne a Filato, kuma da ita yake raka waƙa a majami'a har ya rasu. Irin ta da ce, mai faɗin wuya da tsirkiyar nailan, muryarta ƙasa-ƙasa. A gidanmu na Taman Melati na ajiye ta cikin akwatinta nesa da taga, don laimar garin nan ba ta barin katako ya zauna lafiya.

Baba ne ya koya mini abin da ke cikinta. Yakan sa ni leƙa ramin da ke tsakiyarta, ya nuna mini siraran katakai da aka jera kamar yatsun hannu a ƙarƙashin fuskarta. Da, in ji shi, da hanjin dabba ake yin tsirkiya, daga baya nailan ya maye gurbinsa. Da makaɗa suka so ƙara, sai suka koma ƙarfe. Amma ƙarfe yana ja da ƙarfi, don haka masu ƙira suka gicciye katakan ciki, suka kuma zura sandar ƙarfe cikin wuya don kada ya lanƙwashe. Bayan nan aka zo da ta lantarki, wadda maganaɗisu ke ɗaukar sautinta ya kai lasifika. Kowane sauyi da jikin da aka gina masa. Tamu ba ta da gicciye, ba ta da sanda.

Akwai wani dattijo a zumuntarmu ta 'yan Najeriya a majami'a, mutumin Kaduna, shi ke jagorantar mawaƙa. Kowa Kawu yake ce masa. Wata Lahadi ya zo cin tuwo gidanmu, ya hango akwatin.

"'Yata, kina da wannan kika bar mu muna ta tafi da hannu kamar masu korar kaji?"

Ya ce aro, na bikin godiya kawai. Na kalli mijina, mijina ya kalli tuwonsa. A wurinmu babba ba ya roƙon abu a gidanka ka hana. Na miƙa masa, na ce, "Kawu, don Allah kada a taɓa tsirkiyar."

"Haba, ni da na yi kiɗa tun ba a haife ki ba."

Bikin ya wuce, jita ba ta dawo ba. Sai da na aika mijina ya karɓo. Da na buɗe akwatin na ga ƙarfe yana sheƙi inda nailan yake. Wuyan ya sunkuyo. Jakin da tsirkiyoyin ke ɗaure a kansa ya ɗaga daga baya, fuskar ta kumbura, ga tsaga siririya tana bin katakon. A gindi kuma an huda rami an sa wurin cusa wayar lasifika.

Ban yi kuka ba. Na sassauta tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, na kira Kawu.

"Ai gyara na yi miki," in ji shi, yana dariya. "Ba a jin ta ko kaɗan in an kunna piyano. Yanzu ta zama ta zamani. Ya kamata ki yi mini tapau, ƙunshin shinkafa na tafiya gida ma, ladan aiki."

Na ce masa ƙarfen ya karya ta.

"Tsufa ne, 'yata. Kaya in sun tsufa haka suke."

Wannan maganar ta fi tsagar ƙona mini rai. Jitar ta yi shekaru a sanyin Filato, ta sha hanya a bayan babur, ta haye teku, ba ta tsage ba. Mutum ya ɗora mata nauyin da ba a ƙera ta dominsa ba, sannan ya ce laifin shekarunta ne. Ya ji ana cewa ƙarfe ci gaba ne, bai tambayi me aka canza a ciki kafin a sa shi ba.

Ni da mijina muka kai ta wani shagon gyara a Bukit Bintang. Mai shagon ya juya ta, ya danna fuskar da babban yatsa. Ya ce jakin boleh, wato zai yiwu, tsagar ma zai liƙe. Wuyan ne bai yi alkawari ba, ramin da aka huda kuma sai dai toshewa. Na tambaye shi muryar fa. Ya ɗaga kafaɗa.

A jirgin ƙasa muna komawa mijina ya fara. "Ki yi haƙuri. Mu kaɗan ne a ƙasar nan. In ya ba ki haƙuri, ki ce ba komai, a wuce wurin."

Na san tsarin. Babba ya ce a yi haƙuri a gaban jama'a, ƙarami ya ce ba komai, kowa ya ji daɗi, asarar kuma ta bi mai ita gida.

Haka aka yi. Bayan sujada, ana shan shayi, Kawu ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "'Yata, an ce jitarki ta ɗan samu matsala. A yi haƙuri."

Ta ɗan samu. Kamar zazzaɓi ne ya kama ta.

Duk suka juyo suna jiran kalmomin nan biyu. Na rusuna kamar yadda aka koya mini, na ce, "Kawu, na ji. Amma akwai komai. Na roƙe ka kada a taɓa tsirkiyar, ka taɓa, ka kuma huda ta."

Wata uwa ta ja mini zane. Kawu ya ajiye kofinsa ya fita, bai sake zuwa cin tuwo gidanmu ba, wasu ma suka bi sahunsa.

Jitar ta dawo da nailan. Tana kiɗuwa, sai dai in na hau can saman wuya wata tsirkiya takan yi zizar da ban san ta da ita ba. Waƙoƙin Baba da ke kaiwa can, na daina kaɗa su.