Layun Kaka a Gaban Alƙali

Jiya da hantsi jirgi mai saukar ungulu ya ratsa saman gidanmu a unguwar Kurayyat, nan ƙasar Larabawa, har tagogi suna rawa. Jikokina ko kai ba su ɗaga ba, ni kuwa sai da na ajiye kofin shayi. Ku matso ku ji. Ban yi makaranta ba, amma abin da ya shiga kaina ba ya zuba.

A unguwar Nuzla ta garin nan aka haife ni, cikin ɗakunan katako da langa-langa. Kakana na wajen uba maharbi ne tun daga gida, ƙasar Hausa. Da ƙafa ya zo Hajji, ya zauna yana ga-ruwa, Baba kuma yana dako a bakin teku. Amma in sanyi ya shigo, yayyafi ya taɓa ƙasa, ciyawa ta tsiro a kwarin da ke kudu da gari, to ranar Alhamis ba mai ganinsu. Su da abokansu Larabawan ƙauye, da sanduna da dogayen karnuka, sai daji. Ba don sayarwa ba, don so ne kawai. Barewa guda, ko 'yan zomaye, a gasa a tsakar gida, ƙanshi ya cika lungu, kowane gida a kai masa tsoka. Barewa mai ciki da mai shayarwa kuwa ba a taɓa su.

Sai wani attajiri ya yi hayar jirgi mai saukar ungulu. Jirgin ya koro garke daga sama, motoci na jira a bakin kwari, a harbe, a loda, a kai wa masu otal. Wata rana Baba ya dawo da jaririn barewa a kafaɗa, an tafi da uwar. Kafin sanyin ya fita, sawu ma ya yi wuyar gani.

Maharban suka ce sai mahakama, kuma Kaka ne zai yi magana, don shi ne babba. Mutanenmu suka tsorata, wai ina baƙo mai iƙama, takardar izinin zama kawai, ina ja da attajiri. Kaka ya ce daji ba gonar uban kowa ba ce.

Ranar shari'a ya fito da rigarsa ta farauta, ta baƙin saƙi, layu reras tun daga wuya har ƙasa, gadon mahaifinsa. A gida maharbi ba ya tsayawa gaban manya sai da rigarsa, haka ya sani. Kakata ta yi ta roƙonsa, ta ce ƙasar nan ba a shiri da laya. Ko waiwaye bai yi ba. Wallahi da kun ga tafiyar! Shi a gaba, maharba a baya, unguwa ta biyo su. Inna na sayar da gyaɗa daura da mahakamar, ni kuma na taka kwandonta na maƙale a taga.

Wakilin attajiri na ganin rigar ya yi murmushi, ya ce ta yaya za a saurari mai yawo da shirka a jiki. Alƙali ya daɗe yana kallon Kaka, sannan ya ce, "Ya Hajji, ko layu ko magana. Ba sa haɗuwa a ɗakin nan."

Rigar nan ko wanke ta ba a yi, ko taɓa ta ba ma yi. Na ga Baba ya sunkuyar da kai, ya riga ya sallama. Kaka kuwa ya roƙi ɗan sandan ƙofa ya ara masa almakashi. Ya shiga yanka zare, laya bayan laya, suna faɗuwa a kan tabarma. Da ya gama ya miƙe, ya faɗi abin da jirgi ke yi da Larabcinsa na ga-ruwa, ya rufe da cewa, "Allah gafarta malam, ni na bar abin ubana saboda barewa. Shi me zai bari?"

Alƙali ya saurari Larabawan ƙauye ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yanke: ba jirgi, ba mota a kwarin nan, mai son nama ya shiga da ƙafarsa kamar kowa. Halas, magana ta ƙare! Inna ta rangaɗa guɗa a tsakiyar titi, matan unguwa suka amsa, gyaɗa ta watse, ba wanda ya kula. Layun kam ba a mayar masa ba. Alhamis ta gaba ya saka rigar haka nan, duk tabon zare, ya ce yalla, mu je, ta ma fi sauƙin gudu.

Yau kwarin ya zama tituna da ɗakunan ajiyar kaya. Barewa tana can inda hukuma ta killace, farauta kuma sai da izini a waya. In na ba jikokina labarin da Hausa, da Larabci suke amsa mini, su ce ai ƙarshenta dai dajin ya tafi. Nakan ce ya tafi. Amma har na yi aure, har na yaye 'ya'yana, naman kwarin nan ana shigo da shi lungunmu a kafaɗa, kuma Kakana ne ya biya.