Kofin da Kaka Ba Ta Kife Ba

A tashar taksi ta Lalala abu biyu aka san ni da su: gudu da ƙarya. Gudun na rage tunda gwiwa ta fara ƙara kamar ƙofar tsohon shago, ƙaryar kuwa tana nan da ƙuruciyarta. In na ce maka na taɓa ɗaukar fasinja goma sha ɗaya da akuya a tafiya ɗaya, ka cire mutum biyar, ka bar akuyar, ita gaskiya ce. Amma wannan da zan ba ka ban ƙara masa gishiri ba. Da yana raguwa ma da na rage.

A nan Libreville aka haife ni, a gidan haya na katako da kwano. Baba yana jan babbar motar katako zuwa daji, sai ya yi sati biyu ba mu gan shi ba. Inna tana sayar da atamfa a kasuwa. Wadda ta riƙe mu ita ce Kaka, uwar Baba, da aka ɗauko daga ƙauyenmu can wajen Dogon Dutsi bayan mijinta ya rasu. Har ta koma ga Allah ba ta shirya da garin nan ba. Cewa take, "Wane irin gari ne wannan, sama tana yoyo wata tara, ko gishiri sai ya yi gumi?"

Da an sallame magariba sai ta jawo mangal baranda, ta ɗora baƙar butarta kan gawayi. Mu uku mu kewaye ta: Yaya Rabi, ni Idi, da autanmu Mamman. Ruwa na dukan kwano kamar ana bin sa da taɓarya, sauro na ɗaukar Mamman su ajiye, mu dai idonmu na kan bakinta. Ni take kira Maigida, irin wasan kaka da jika.

"Maigida, yau ma ba cefane?"

"Amarya, ai haƙoran da za ki ci cefanen nake tara wa kuɗi."

Ta kai mini duka da mafici, ta yi dariya har tari ya kama ta.

Tatsuniyarta tana da doka. In za ta fara sai ta ce, "Ga ta nan tafe, ku ba ta hanya." Mu ce, "Mun share mata wuri." In ta gama, sai ta shanye abin da ya rage a kofinta na tasa mai ɗigon tsatsa a baki, ta kife shi kan tabarma ta ce, "Ƙurunƙus, na kife kofi." Muddin kofin nan bai kifu ba, tatsuniya ba ta ƙare ba, kuma ba a buɗe wata.

Abin da ke cikin butar ba shayin kanti ba ne. Ganyen geza ne, ɗan itacen nan da ke fitowa kan tudu mai tsakuwa a ƙasarmu. Ƙanwarta Dije, wadda ta rage a ƙauye, ita ke tsinko mata shi sau ɗaya a shekara, da ruwa ya ɗauke. Ta shanya a inuwar rumbu, ba a rana ba, ta ɗaure da tsumman zanenta, ta ba matafiyi. Daga hannu zuwa hannu, mota da jirgin ruwa, har ya iso mu. Su biyun ba mai karatu, wayar hannu kuwa ba ta zo ba tukuna. Ɗaurin nan shi ne wasiƙarsu.

Kuma karanta shi take yi, wallahi. Dahuwar farko ta shekara ba sukari, kuma da ruwan sama, don ta ce na famfo warin asibiti yake. Ta jira ya yi ja, ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta rufe ido. Can sai ta haɗiye ta fara ba mu labarai kamar rediyo.

"Bana an sha ruwa a tudun gabas. Ganyen ya ƙoshi."

Ko kuma, "Dije ta yi latti, ya fara tsufa. Ƙafar nan tata ce ta sake tashi."

Ni kuwa in ce, "Amarya, ki ƙara kurɓa ki gano mana ko jakin Malam ya haihu." A wurina ganyen akuya ne kawai. Yaran lakwal, wato makarantarmu ta boko, suna shan madara da burodi, mu muna shan daji.

Shekarar da nake sha biyu, ɗaurin ya iso ranar da ba kowa a gida sai ni. Kaka da Inna sun tafi suna a unguwar Okala, sun ɗauki Rabi da Mamman. Wani Alhaji mai goro ya tsaya a ƙofa, ya miƙo mini ya ce, "Ka ba tsohuwa, saƙon 'yar'uwarta ne," ya wuce da laimarsa.

Kafin Inna ta fita ta ja kunnena: in ta dawo ba ta tarar da wuta a mangal ba, zan san ita ta haife ni. Ga shi kwana uku ana ruwa. Gawayinmu ya jiƙe har kana iya matse shi ka yi alwala. Na ƙone takardun lakwal, na ƙone kwali, na hura har na ga taurari. Ko hayaƙi. Sai idona ya faɗa kan ɗaurin nan, busasshe ƙayau, abu ɗaya tak busasshe a duk ƙasar Gabon.

Na san ko mene ne. Kada in yi maka ƙarya a nan. Na ce ɗan tafi ɗaya zan ɗiba, wa zai sani? Ya kama fuu, ya mutu. Na ƙara. Na sake ƙarawa. Lokacin da gawayin ya yarda ya yi ja, tsumman zanen Dije ne kawai a hannuna.

Da suka dawo, Kaka ta tsaya a bakin baranda, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ta ɗaga hanci.

"Wa ya zo daga gida?"

Na ce, "Ba kowa, Amarya. Sai wani kyakkyawan saurayi, kuma ga shi gabanki."

Ba ta yi dariya ba. Ta dubi mangal, ta dube ni, ta shige ɗaki.

Washegari na tsallake lakwal na tafi kasuwa. 'Yan Mali suna sayar da irin ganyen, su kinkeliba suke ce masa. Na saya da kuɗin burodina, na ɗaure da tsumman Dije, har da ƙulli biyu kamar yadda take yi. Na ji kaina gwani. Da yamma na kawo da rawa: "Albishirinki! Alhaji mai goro ya kawo yanzun nan."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta shafa tsumman, ta daɗe tana shafa shi. Bayan magariba ta ɗora buta da ruwan sama kamar kowace shekara. Ta zuba, ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta rufe ido.

Rabi ta ce, "Kaka, me Kaka Dije ta ce bana?"

Ta haɗiye da ƙyar. "Bana ba ta ce komai ba." Ta ajiye kofin a tsaye. "Ga ta nan tafe, ku ba ta hanya."

"Mun share mata wuri," in ji su.

Ta ce wai an yi wata tsohuwa da aka kai ta zama bayan kogi bakwai, ta bar 'yar'uwarta a gida. Duk shekara shamuwa takan kawo mata ɗan goran zuma daga wurin 'yar'uwar. Wata shekara shamuwa ta zo ta tarar tsohuwa ta tafi rijiya, sai ta ba kurege ajiya, don shi ne ɗan gidan, a ƙarƙashin gadonta yake kwana. Yunwa ta kama kurege. Ya ce lasa ɗaya zai yi. Ya yi ɗaya, ya yi biyu, sai ga gindin gora. Ya ruga ya jiƙa rake a ruwa ya cika goran, ya toshe, ya kawo yana kaɗa wutsiya.

"Tsohuwa ta ɗanɗana," in ji Kaka, "ta gane. Wanda ya sha zumar gidansu shekara saba'in, ruwan rake zai ruɗe shi?"

Mamman ya ce, "Sai ta kashe shi da muciya!"

"A'a. Zuma ta riga ta tafi, muciya ba ta dawo da ita. Kuma ta san yunwa ce. Abu ɗaya take so, ya zo da bakinsa ya ce, Tsohuwa, ni ne. Sai ta ɗage asabarin ƙofa, ta zauna tana jira. Kullum kurege ya zo, ya yi tsalle, ya yi alkafura, ya ba ta dariya, ya tafi. Ita kuwa tana nan zaune."

Nan ta tsaya.

"Sai me ya faru?" in ji Rabi.

"Ban sani ba. Kurege bai zo ba tukuna."

"To ki kife kofi mana."

"Ba ta ƙare ba, yaya zan kife?"

Ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya. Da ta kalle ni, ina jin da na fashe da kuka na faɗi. Na buɗe baki, kuma ka san abin da ya fito? "Amarya, wannan kuregen naki ai ɗan Lalala ne, sai an kai masa sammaci." Rabi da Mamman suka kwashe da dariya. Kaka ta ɗauki kofinta a tsaye ta shiga da shi ɗaki.

Daga ranar ba a ƙara tatsuniya a gidanmu ba. Mangal na nan, buta na nan. Ganyen kasuwar nan ta shanye shi tas, kullum kofi ɗaya, ba ta zubar da ko tsinke ba, ba ta kuma gaya wa Baba ko Inna komai ba. Mamman ya yi ta kuka yana roƙo, ta ce, "Ba a buɗe wata sai an rufe ta baya." Rabi ta ce tsufa ne ya fara taɓa ta. Ni na ƙara ƙaimi wajen ban dariya. Na kwaikwayi mai gidan hayarmu, na kwaikwayi ɗan sanda mai tumbi yana bin kilando, taksin da ba shi da takarda, da gudu. Takan yi murmushi, ta ce, "Allah ya shirya ka, Maigida." Ina ce wa kaina, bari sabon ɗauri ya zo baɗi, in ta sha ta huce, sai in faɗa mata muna dariya.

Baɗi ɗauri bai zo ba. Alhaji mai goro ne ya zo, ya cire hula a ƙofa. Dije ta rasu tun tsakiyar damina. Wanda na hura wuta da shi, shi ne na ƙarshe da hannunta ya tsinka. Duk abin da ta ce wa yayarta a ciki, ni na dafa tuwo da shi.

Bayan wannan ta ina zan fara? Abin da ya fi ƙarfin bakina yana ƙarami, yanzu ya zama dutse.

Kaka ta ƙara shekara huɗu. A ciwonta na ƙarshe ina zaune bakin gado ina mata fifita, ta buɗe ido ta ce a hankali, "Maigida, kuregen nan har yanzu?"

Mu biyu ne a ɗakin. Ba wanda zai ji. Na ce, "Yana hanya, Amarya, cunkoson motoci ne ya tare shi." Ta rufe ido. Kwana biyu bayan nan muka binne ta a nan, cikin jar ƙasa mai ruwa, a garin da ba ta taɓa so ba.

Abin da ya tono mini duk wannan, watan jiya ne. Akwai wata madam da nake ɗauka kullum, ta buɗe kantin shayi a unguwar Louis, irin wanda in ka ga kujerunsa sai ka goge ƙafa sau uku. Ruwa ya tsare ni a ƙofarta, ta ce in shigo in ɗanɗana sabon kaya. Ta sauko da wani gwangwani mai ƙyalli. Wai kinkeliba ne daga ƙasashenmu na arewa, tsinkar farko ta bana, biyo, ba taki ba feshi, a inuwa aka shanya. Na ce, "Madam, mu ma biyo ne, ba taki ba feshi muka girma, ba wanda ya sa mu a gwangwani." Ta yi dariya, ta zuba mini a kofi ƙarami kamar murfin kwalba. Ta koya mini yadda ake sha: kada a sa sukari, a shaƙa tukuna, a kurɓa, a riƙe a baki.

Na yi yadda ta ce don in samu abin tsokanarta. Da farko ɗan ɗaci mai tsabta, ba mai kama harshe ba. Sai ƙamshin itace da tsakuwar da rana ta gasa. Can bayan na haɗiye, wani zaƙi siriri ya taso daga maƙogwaro, wanda ba sukari ya kawo shi ba. Geza ce ta tudu, ta gaske. Shekara arba'in da 'yan kai a duniya, ranar na fara jin abin da tsohuwar nan take ji in ta rufe ido. Kuma ranar na gane irin ruwan wankin da na ba ta, ta sha shekara guda ba ta tofar ba.

Madam ta ce, "To, me ka ji?"

Na ce, "Hayaƙi."

Ta duba gwangwanin, ta ce ba a taɓa ce mata haka ba. Na nemi abin dariyar da zan faɗa, a karon farko ban samu ba.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar a kan satar zuma take. Ba haka ba ne. Zumar tun daren farko ta yafe. Kalma biyu take jira, shekara biyar asabarinta a ɗage, ni kuwa da nake iya surutu daga Lalala har filin jirgi ban numfasa ba, na kasa ba ta su.

Kofin tasar yana wurina, a kan kabad. Matata takan kife shi in tana shara, wai kyankyaso na shiga. In ta fita sai in miƙe in mayar da shi a tsaye.