Na Sauke Uwata a Otal a Garin Ubanta

Abu ɗaya Mma ta taɓa roƙona a duniya: in kai ta Yamai ta kwana a ɗakin mahaifiyarta, ko da sau ɗaya ne, kafin ta mutu. Mma uwata ce, haka duk layinmu na Aboabo a Kumasi ke kiranta. A Yamai ta Nijar aka haife ta, a wani gida na ƙasa da ke gangaren kogi, aure ya kawo ta Kumasi, ta yi shekara talatin da wani abu ba ta koma ba. Lokacin da tsohuwarta ta rasu babanmu na kwance ba lafiya, ba ta samu zuwa ba, a wayar maƙwabta ta yi kukanta. Wanda ya rage a gidan ƙaninta ne, Kawu, da matarsa.

Ni nas ce a babban asibitin da ke kusa da Bantama, kuma ina da ciwon da ke kama irinmu: in na kalli mutum, hawan jininsa da gwiwarsa nake fara gani kafin in ga shi kansa. Gwiwoyin Mma sun lalace, in ta tsuguna sai an kama ta. Da na tara kuɗin tafiya sai na zauna na yi lissafi irin na asibiti. Gidan da ne, na ce, masan tsuguno ne, kwanciyar tabarma ce. Na ɗauki waya na lalubo wani otal mai araha kusa da kogi, na ga hoton gado da fanka da masai na zama, na biya kwana biyar. Na ji kaina wata 'yar albarka da ba a taɓa haifar irinta ba. Ban gaya wa Mma ba, wai zan ba ta mamaki. Kawu kaɗai na kira, na ce, "Kawu, kar ku wahalar da kanku, na riga na kama mana ɗaki a otal." Ya ce, "To, madalla." Ni kuwa na ɗauka godiya ce.

Har yau ban san inda na ajiye hankalina ba. A gidan masauki na tashi. Babanmu shi ke sauke dillalan shanu masu zuwa daga arewa, zaurenmu bai taɓa kwana ba kowa ba, kuma a bakinsa kalmar "ɗan otal" zagi ce. A wurinmu inda ka sauka shi ke nuna na wa ne kai. Kawu da kansa ya taɓa yin wata bakwai a gidanmu yana jinyar ƙafa, ɗakina aka ba shi, na koma kwana bayan Mma. Duk na san wannan. Makaranta da farar riga suka sa na ga kamar tsohon yayi ne.

Kwana biyu muka yi a mota. Muka sauka tashar Yamai bayan la'asar da buhun tsaraba uku, goro da atamfa da manja da garin rogo. Mma na ta waige-waige tana neman ƙaninta cikin jama'a, ni kuma ina cewa ta zo mu shiga tasi, na shirya komai. Da tasin ta tsaya bakin wani koren get, ga akwatunan kwalaben giya an jera a gefe, sai ta ce, "Nan ina ne?" Na ce masaukinmu ne, akwai masai na zama. Ta dube ni kamar na yi mata wani yare.

Mutumin da ke karɓar baƙi wani ƙato ne mai jan ido, yana sakace haƙori. Bai ko ɗago ba ya ce, "Kwana ko hutawa?" Na gane abin da ake nufi da hutawa a irin wurin. Mma ba ta gane ba, ta amsa masa da ladabinta, "Duka biyu, ɗana, mun sha hanya." Ya ɗago ya ga tsohuwa da carbi, ya cire tsinken daga bakinsa.

Ɗakin na hawa na biyu, abin da hoton bai faɗa ba, sai da na tallafe ta matakala goma sha wani abu. Katifar na cikin leda, in ka juya ta yi ƙara. Fankar na lilo kamar za ta faɗo, tawul ɗaya ne ya yi kalar ƙasa, sabulun kuwa bai kai ƙwayar goro ba. Tagar na kallon bango. Masan zaman da na sayar da mutuncinmu saboda shi yana nan, amma ruwa ba ya hawowa sama sai da asuba, da bokiti ake kora shi. Daga tsakar gidan kiɗa ke tashi tun azahar. Mma ta zauna a bakin gado, ba ta cire mayafi ba, ta tambaye ni tun yaushe Kawu ya san da wannan. Na ce sati uku. Ta ce, "Kin kashe ni, ɗiyar nan."

Na ce to mu ɗauki kayan mu tafi gidan yanzu, me aka yi? Ta ce ba a haka. Wanda ya zo daga tafiya ba ya kai kansa a yi masa sannu da zuwa, shi ake zuwa a tarar. Kuma ita ce babba. "Shi zo shi ɗauke ni," ta ce. "In ya ɗauke ni da hannunsa, maganar ta mutu." Shi kuma Kawu na'ibin liman ne a masallacin unguwarsu, ƙafarsa ba ta taka inda ake sayar da giya. Tsofaffin ƙawayenta da ta yi ta lissafa mini a mota, waɗanda suka yi wanki tare a bakin kogi, ba wadda za ta yarda a gan ta tana shiga wannan get. Na ajiye uwata a wuri ɗaya tak a duk garin da ba mai mutuncin da zai iya zuwa ya gaishe ta.

Washegari da hantsi aka kawo kwanuka daga gidan Kawu. Matarsa ce ta kawo, ta miƙa wa mai gadi a waje ta juya. Dambun zogale ne da kifin kogi. Mma ta buɗe ta shaƙi ƙamshin, ta ci har ta siɗe hannu, ita da likita ya hana ta cin mai. Ta ce, "Kin gani? Ba su yar da ni ba. Gobe shina zuwa."

Kullum da safe sai ta yayyafa wa goron ruwa don kar ya bushe, ta yi wanka da rabin bokiti, ta saka atamfa mai kyau, in kai mata kujerar roba saman matakala. Daga nan kaɗai ake hango kogin, tsakanin rufin kwano biyu. Ana ganin masu wanki sun shanya kaya a gaɓa, da kwale-kwale masu sauke kabewa. Ta nuna mini wata itaciya can nesa ta ce gidansu na bayanta. Tafiyar da ba ta fi minti ashirin a ƙafa ba ce ga mai gwiwa. Nan take wuni, duk motar da ta tsaya a get sai ta gyara mayafi. Masu zuwa hutawa suna hawowa bibbiyu, su gan ta su sunkuyar da kai, wasu matan har su rusuna su ce ina wuni. Zuwa lokacin ta gane kasuwar gidan. Takan amsa musu, "Lahiya lau, Allah shi shirye mu baki ɗaya." Ni kuwa in na ji haka sai in shige ɗaki, don ba na iya kallo.

Ran kwana na uku haƙurina ya ƙare, na fita bayan get na kira Kawu. Da niyyar ba da haƙuri na kira, Allah shi ne shaida. Amma da na ji muryarsa a sanyaye yana tambayar ya gajiya, kamar yana magana da mai karɓar haraji, sai na ce, "Kawu, yayarku ce fa. Tsohuwa ce, kwana biyu ta yi a mota, tana zaune tana jiranku." Ya ce, "Ɗiyata, mu talakawa ne, gidanmu na ƙasa ne. Ke da kike lokotoro, ma'aikaciyar asibiti, kin nemo mata inda ya dace da ita." Nan bakina ya riga hankalina. Na ce, "Lokacin da kuka yi wata bakwai a ɗakina a Kumasi ba wanda ya tambayi gidanku na mene ne." Ya ce, "Haka ne. Allah shi biya ku." Ya kashe waya. Gori na yi wa dattijo a kan jinya, kuma ban gaya wa Mma ba. Washegari kwanukan abinci sun zo kamar kullum, shi dai bai zo ba.

Ran na huɗu bayan azahar Mma ta ce, "Tashi mu tahi." Ita ta karya, don ta ga kwanakin sun kusa ƙarewa. Muka loda tsarabar a tasi. A ƙofar gidan ta tsaya ta dafa bango ta daɗe kafin ta yi sallama. Aka shigar da mu falo, aka kawo mana ruwan gora da kofunan gilashi a faranti, irin tarbar da ake yi wa ma'aikatan gwamnati. Ga randa a tsakar gida ina kallonta. Kawu ya shigo, tsoho fari fat da furfura, ya durƙusa ya gaishe ta yadda ƙane ke gaida yaya. Ta kama hannunsa tana kuka, shi ma idonsa ya kawo ruwa, suka yi ta'aziyyar uwarsu da ta yi shekaru a ƙasa. Na ce a raina shi ke nan, an wuce wurin. Na durƙusa na ce, "Kawu, ni na yi laifi, ba Mma ba. Ku yafe mini." Ya ce, "Ba komi, ɗiyata. Ai kun biya kuɗinku can, kar ku yi hasara."

Da la'asar matarsa ta ja ni in yi alwala, ta bi da ni ta gaban ɗakin tsohuwar. An shafe shi da farar ƙasa. An saka gadon katako da sabuwar katifa, an ɗaura gidan sauro. A banɗaki kuma ta nuna mini wata kujera ta ƙarfe mai rami a tsakiya. Ta ce tun wata biyu da suka wuce Kawu ya sa maƙeri ya haɗa ta, don ya ji a waya Yaya na fama da gwiwa. "Ranar da kika bugo," ta ce, "bai ci tuwon dare ba." Ba ta faɗa da faɗa ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A ɗakin Mma ta yi sallar la'asar, a zaune. Da ta sallame ta shafa bangon, ta duba rufin. Na matsa na ce mata a hankali, "Mma, ki ce masa yau nan za ki kwana." Ta ce, "A gidan ubana zan roƙi wurin kwana?" Na fita na samu Kawu a zaure na ce don Allah ya ce mata ta kwana. Ya ce, "Gidanta ne, wa ya hana ta? In ta ce tana kwana, ga ɗaki." Na koma wurinta, na dawo wurinsa, sau uku ina safa da marwa a tsakar gidan da bai fi taku ashirin ba. Kalma ɗaya ake nema daga bakin ɗayansu, tsofaffi biyu da suka sha nono ɗaya, kowa ya ƙi. Ina jin haushinsu har gobe, shi da taurin kansa, ita da nata. Amma ni na ba su abin da za su yi taurin kan a kai. Da rana ta yi ja Kawu ya leƙo ya ce, "A nemo musu mota, kar duhu shi same su a hanya." Mma ta miƙa mini hannu na tashe ta.

Sauran kwana ɗayan a otal ta yi shi tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Ba ta ce in kai mata kujera matakala ba. A motar dawowa ba ta yi mini faɗa ba, ko sau ɗaya, kuma ba ta sake tayar da maganar ba har ƙarshen ranta.

Da muka iso Aboabo matan layi suka cika ɗakinta. "Ei, Mma, akwaaba o, sannu da zuwa! Yaya gida? Yaya mutanen Nijar? An kwana ɗakin tsohuwa dai?" Ina tsaye da farantin dabino a hannu ina jin su. Mma ta gyara zama ta ce, "Na kwana. Ƙanena ya shafe mini shi fari tas, ya saya mini sabuwar katifa, har da gidan sauro." Ta ba su labarin ɗakin tiryan-tiryan, ba ta kalli inda nake ba. Suka yi ta sa mini albarka.

Ba ta cika shekara biyu bayan nan ba ta rasu. Ranar sadakar uku wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta riƙe hannuna gam a gaban mata, ta ce, "Ke dai kar ki yi kuka. Abin da ta roƙa kin yi mata, kin kai ta ta kwana a ɗakin uwarta. Allah ya ba ki masu yi miki irin abin da kika yi mata." Matan suka ɗaga hannu suna jirana, na ce amin.