Ranar da Inna ta yaɓe motar maigida

Ko tsufa ya cinye mini komai, ba zai ci ranar da mota ta so ta kunyata ni a Sabon Birni ba. Zamanin Turawa ne, motocin ƙasarmu ba su cika yatsun hannu ba. Maigidana, wani ɗan kasuwar gyaɗa, ya sayi tsohuwar mota a Gusau, ya ɗauke ni direba saboda na yi wata bakwai ina wanke ƙarafa a gareji. Ni kuwa na cika gari da baki, har cewa nake ina gane ciwon inji daga tarinsa.

Da damina hanya ba ta biyuwa, sai aka ajiye motar a rumfa cikin gida. Da ruwa ya ɗauke, maigida ya ce ranar kasuwar Isa za mu fita. Gari ya taru, har da mai kalangu. Na sa ƙarfe na wana inji. Ta yi gur-gur-gur, ta yi shiru. Na sake, haka. Na wana har hulata ta faɗi.

Na duba mai, akwai. Na kwance fulogi na goge, na sa aka wana don in ga wuta, wutar ta fizge ni na yi tsalle, mai kalangu ya ɗauka rawa ce ya ƙara kiɗa. Na busa kafireta da baki har na sha fetur. Rana ta take, maigida ya ce in ba ta tashi kafin azahar ba, za a kirawo wani direba daga Isa, ni in koma gona. Wallahi ban san da idon da zan kalli mutane ba.

Kunya ce ta kai ni bayan motar, ba ilimi ba. Na tsuguna kamar mai nazari, sai na ga bakin salansa, inda hayaƙi ke fita, a yaɓe da laka, sumul, har da sawun yatsu. Na tambayi wanda ya yi. Mahaifiyar maigida, tsohuwar da duk muke kira Inna, ta matso tana taƙama.

"Ni nal liƙe shi, ɗana. Wa ka barin bakin ruhewa buɗe da damana? Da ɓeraye sun cinye ta."

Ruhewa dai rumbun laka ne, ita kuwa ta yi shekara da shekaru tana tsare hatsi. Na ce, "Inna, ai ta nan take numfashi."

Na sa ƙusa na ɓanɓare abin da ya samu, na koma na wana. Ji kake daram! Sauran lakar ta fita kamar harsashi, ta fasa tulun da ke gindin rumfa. Jama'a suka watse, mai kalangu ya haura danga, maigida ya bar takalmi ɗaya. Inji kuwa na ta ruri. Na yi dariya har da hawaye, rabi murna rabi tsira. A hanyar Isa maigida sai yabona yake.

Na yi shekara talatin ina tuƙi bayan nan. Tun daga ranar, in mota ta ƙi tashi, ba na fara ɗaukar sifana in kwance komai sai na tambayi mutanen gida alherin da suka yi mata.