Gezar da Na Sa Aka Sare

Har yau ranar nan tana tsaye mini a rai. Cikin bazarar 2005 ne, shekarar yunwa, ina shef ɗin shantiye, wato shugaban filin aiki, a wani tudu kusa da Badagishiri. Aikinmu jera duwatsu don tare ruwan da ke cinye gonaki. Yawancin ma'aikatan mata ne, ladansu hatsi. Sama da ni akwai ajan, wato jami'in gandun daji, shi ke zuwa auna abin da muka yi.

Tudun cike yake da geza. A cikinta akwai wata 'yar tsuntsuwa mai ruwan ƙasa, bindinta ya fi jikinta tsawo, kullum a ɗage. Ba ta tashi sama. Daga reshe sai reshe, tana tsintar ƙwari. In ta ga maciji sai ta tsaya bisa kansa tana tsiwa har 'yan'uwanta su taru. Matan suna ce mata magulmaciya. Da sun ji ta sai su bar wurin, su tsaya jira.

Jiran nan ne ya dame ni, don ajan ya ce shantiyenmu ne na baya. Na sa maza su sare gezar a ƙone, hanya ta buɗe.

Inna Rabi, wata dattijuwa mai riƙon jikoki, ta same ni.

"Shef, in ka kori magulmaciya, wa za ya hwaɗa muna inda mugun yake kwance?"

Na ce wuta za ta kori macizan ma. Ta ce maciji ƙarƙashin dutse yake, ba bisa icce ba. Na yi dariya, na ce ta koma aiki.

Tsuntsayen suka bar tudun, aiki ya yi sauri, ajan ya yaba mini. Ana nan wata safiya Inna Rabi ta ɗaga dutse, kububuwa ta sare ta a hannu. Muka ɗora ta a amalanken jaki zuwa likita. Jini bai daina fita daga dasashinta ba, bayan 'yan kwanaki ta cika. Jikokin aka rarraba su ga dangi.

Babu wanda ya tuhume ni. Matan suka ci gaba da zuwa, don yunwa ba ta bar musu zaɓi ba, sai dai sun daina gaya mini komai.

Ku da kuke fara shugabancin irin wannan aiki, in kun ga ma'aikaci ya tsaya, ku tambayi dalili kafin ku kira shi malalaci. Shi ke sa hannu ƙarƙashin dutsen.