Ranar da Alhaji Mamman Ya Sauka Daga Mota

Shekara tara ke nan. Wata Talata ce da hantsi, mu huɗu a mota cikin wani gandun namun daji mai nisa a Nijar: ni, aminina Alhaji Mamman ɗan Maraɗi, baƙonsa Basine Lawban Cen mai masana'antar takalma a Panyu ta ƙasar Sin, da Malam Bube mai jagora.

A nan Guangzhou aka ƙulla tafiyar, a wani gidan abinci na unguwar Dengfeng. Lawban ne ya riƙe Alhaji tun bai iya gaisuwa da Sinanci ba. Da Lawban ya ce yana marmarin ganin giwa a dajinta, Alhaji ya ce an gama. A wajenmu, wanda ya karrama ka a garinsa ba a ce masa a'a in ya zo naka.

Mun iske giwa da ɗanta a bakin tafki. Bube ya kashe mota, ya ce kada kowa ya motsa. Lawban ya ce hoto ba ya fita ta gilashi, ya buɗe ƙofa ya fita.

"Alhaji, daka wa mutumin nan tsawa ya dawo," in ji Bube ƙasa-ƙasa.

"Haba Malam, baƙona? Bari in kamo hannunsa."

Iska ta juya. Giwar ta ɗaga hanci, ta baza kunnuwa, tana matsowa. Lawban na nan tsaye, idonsa a kan waya. Alhaji ya cim masa, ya tunkuɗa shi wajen mota. Sannan ya cire hularsa yana kaɗawa, yana ja da baya zuwa fili, don ta bi shi.

Ta kuwa bi shi.

Yanzu in mun fito Juma'a daga Masallacin Huaisheng, matasa kan nuna mini bidiyon masu ɗaukar hoto dab da namun daji, suna dariya. Nakan tambayi kaina me Alhaji zai ce. Ina jin zai yi musu faɗa sosai, in kuma baƙonsa ya sake buɗe ƙofa, ya sake sauka. Har yau ban yanke ba ko kunyar nan tamu ce ta kashe shi, ko ita ce ta ceci Lawban.

A ƙauyen da ke bakin gandun aka binne shi da la'asar, domin Maraɗi ta yi nisa. Daga baya rashin tsaro ya rufe hanyar. Iyalinsa ba su taɓa ganin kabarin ba.